Tambaya da Amsa: Hitar 'Yan Tsaki da Rile Mai Ƙat-ƙat

Wani saurayi daga wajen Ringim ya rubuto: "Malam na haɗa na'urar daidaita zafi a ɗakin 'yan tsakina da LM358 da tamista 10k da rile na bolt 12, amma rilen sai ƙat-ƙat yake ba hutu, kuma transista biyu sun ƙone min. Hita mai wat 2000 nake so ya riƙa kunnawa saboda hunturun nan."

Toh ƙanena, sannu da ƙoƙari, amma rilen naka, wato makunnin da ke kunna hita yana kashe ta da kansa, kuka yake saboda ka hana shi numfashi. Da zafi ya kai daidai inda ka saita, sai ya kashe, iska ta ɗan kaɗa ya sake kunnawa, haka zai kwana yi. Ka sa rezista 470k daga ƙafa ta 1 zuwa ƙafa ta 3 na LM358, wato ɗan cif ɗin da ke ba rilen umarni, shi zai ba shi 'yar tazara ta kusan digiri ɗaya tsakanin kunnawa da kashewa. Na ɗauka ka riga ka sa rezista 10k a sama, tamista, wato abin da ke jin zafin, a ƙasa, mahaɗarsu ta shiga ƙafa ta 3, abin murɗawar nan irin bolum ɗin rediyo kuma yana ƙafa ta 2. Transista kuwa ko ban ga allon ba na san ba ka sa dayod, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, a kan naɗin wayar rilen ba, kullum sai kun manta shi kamar ku da shi akwai gaba. Dayod 1N4007 ɗaya tak, ɓangaren zoben ya kalli +12, transistarka BC547 ta huta.

Yanzu zo mu yi maganar da ta fi damuna, wato hitar nan. Haba ɗan'uwa! Wat 2000 a kan bolt 230 amfiya kusan 9 ke nan, shi kuma ɗan shuɗin rilen an rubuta masa 10 a jiki sai ka ga kamar ya isa, alhali siraran layukan jan ƙarfen da ke bayan allon da wayar da kuke sayowa mai arha ba za su ɗauki wannan nauyi dare guda ba. Na taɓa shiga wani ɗakin kaji a ƙauye, wallahi mahaɗar waya da baƙar leda aka naɗe ta, ledar har ta narke ta manne, ƙasa ɓuntun shinkafa ne a baje, sama rufin kara, ga iskar hunturu komai ya bushe ƙayau. Tartsatsi ɗaya ya isa, kuma ɗakin kajin a jikin ɗakin yara yake. Ba tsaki kaɗai za a rasa ba.

Me ma za ka yi da wat 2000? Ɗan tsako a satin farko digiri 32 zuwa 35 yake nema a inda yake kwance, ba duk ɗakin ba, kana rage kamar digiri 3 duk sati. Kewaye su da kwali, ka rataya gulob biyu masu wat 100 irin na da masu zafi, ko amfiya 1 ba su kai ba. Sa fis a wayar wuta, allon ya shiga cikin akwatin roba mai murfi, ɓangaren 230 nesa da na 12, kuma kar ka taɓa komai sai ka zare daga soket. Tamistan ya sauko daidai tsayin bayan tsako, kar ya kusanci gulob. Sannan ɗabi'ata da ba na bari: ka ajiye ma'aunin zafi daban, ka bar abin ya yi kwana ɗaya cur babu tsako ko ɗaya a ciki kana dubawa, musamman da asuba.

Wata baiwar Allah daga Bichi: "Wannan haɗin zai yi min ƙyanƙyasar ƙwan zabi?"

Hajiya ƙwai ba ya son wasa, digiri 37.5 yake so. Sayi W1209, haɗaɗɗiyar na'urar daidaita zafi mai nuna lamba, ki huta da murɗe-murɗe. Na zabi kwana 26 zuwa 28 ne, ba 21 irin na kaza ba, kar ki zubar da wuri.

Wani daga Gumel: "Zan iya ba allon wuta da cajar waya?"

A'a. Caja bolt 5 take bayarwa, rilenka 12 yake jira. Jona shi da batirin solarka mai bolt 12, ka sa ɗan fis a tsakani.