Mailpit ɗina ba ya tashi da kansa

Tambaya: Malam barka da aiki, ina gwada imel ɗin manhajata da Mailpit (manhajar da ke kama imel ɗin gwaji) amma kullum na kunna kwamfuta sai na tashe shi da hannu, wallahi na gaji, ya zan yi? Linux ce.

Amsa: Ɗan'uwa ai systemd, mai kula da tashin manhajoji a Linux, zaka miƙa wa aikin kawai. Ƙirƙiri fayil /etc/systemd/system/mailpit.service, a layin ExecStart ka rubuta cikakkiyar hanyar inda Mailpit yake, nan mutane suka fi yin kuskure, sannan ka sa Restart=always saboda in ya faɗi ya miƙe, da WantedBy=multi-user.target ƙarƙashin sashen [Install]. Sai ka ba da umarnin systemctl daemon-reload, sai systemctl enable --now mailpit. Don Allah kar ka gudanar da shi a matsayin root (mai cikakken iko a kwamfutar), ba ya buƙata. Manhajarka ta tura saƙo ta port 1025, kai kuma ka duba localhost:8025 a burauza.