Amsa: ƙishirwa da rawar hannu bayan fara lithium

'Yar'uwa, sannu da jiki. Ƙishirwa da yawan fitsarin da kika ce suna damunki tunda kika fara lithium, maganin daidaita yanayin rai, ni ma na sha fama da su. Rawar hannu ce ta fi ɓata mini rai, cokali ya riƙa kaɗawa ina shan kunu. Da likita ya rage mini yawan maganin, ta lafa.

Ki kula da zafin bazara da azumi, in ruwan jiki ya ragu maganin yakan taru a jini. Ibuprofen da diclofenac na kemis ma suna ƙara yawansa a jini, ki guje su. Gwajin jini ana yinsa awa 12 bayan shan na dare, a duba ƙoda da tayroid (wani ƙullin nama a wuya mai fitar da sinadaran jiki) kuma.

Amai, gudawa, tangaɗi ko sarƙewar harshe, sai asibiti nan take. Kada ki daina shan maganin da kanki.