Ku Tambaya: Lambar yabo ta binciken zamantakewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a Jami'ar Jos, ina bincike kan rayuwar masu haƙar kuza a Bukuru. Na ji ana ba maƙalar da ta fi fice kyauta duk shekara, dan Allah ya ake yi mutum ya shiga? Daga Anguwan Rogo.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka. Eh, akwai. A Ingila ƙungiyar masana zamantakewa ta BSA tare da kamfanin buga littattafai na SAGE suna zaɓar maƙala ɗaya duk shekara daga kowace ɗaya cikin mujallunsu irin su Sociology, a Amurka kuma takwararta ƙungiyar ASA da aka kafa tun 1905 sassanta ne ke ba da nasu kyaututtukan. Amma fa ki gane, a kyautar BSA ba fom ake cikewa a tura tesis ba, sai maƙalar ta fito a mujallar tukuna bayan masana sun tace ta ba tare da sun san sunanki ba, kuma wannan tacewar kan ci watanni, su dawo miki da gyara ki gyara ki sake turawa, wallahi a nan yawancin ɗalibanmu ke karaya kuma abin yana damuna sosai.

Batunki na kuza yana da nauyi, don tun zamanin Turawa ramukan nan suke. Ki ciro babi ɗaya mai ƙarfi, ki zauna da sufabaizanki ku mai da shi maƙala. Mujallar da ta ce ki biya kuɗi ta buga miki cikin sati biyu kuwa, ki guje ta.