Hukuncin ci da sayar da kawa, jatan lande da sauran 'yan ɓawon teku

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina da ɗan shago a Kubwa ina sayar da kifi na firiza, daga kasuwar kifi ta Kado nake saro kaya. Kwanaki naji a labarai ana maganar cibiyar binciken teku da take koyar da mutane kiwon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake kira oyster, a bakin ruwa don kada ta ƙare, sai abin ya bani sha'awa. Yanzu wani dila daga Fatakwal yace zai riƙa turo min kawa da jatan lande da kaguwa da dodon koɗi a farashi mai sauƙi sosai, yace arahar saboda a rafin ƙauyensu ake ɗebowa inda mutane suka daina shiga. Kuɗin adashi na zan zuba. Amma yayan maigidana da yayi karatu a Pakistan yace duk haramun ne, kifi kaɗai ya halatta a ruwa. Malam meye gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a neman halak ɗinki 'yar uwa.

Kifi dai babu zance, kowa ya yarda. Sauran kuma da kika lissafa waɗanda suke rayuwa a ruwa, kawa da jatan lande da kaguwa, halal ne cinsu da sayar da su a wajen Malikiyya, wanda shine mazhabar da mutanen ƙasar nan suka tashi a kai, kuma ba sa buƙatar yanka. Sheikh Khalil a Mukhtasar da ya zo lissafa abincin halal cewa yayi na ruwa ko da mushe ne.

Maganar yayan mijinki ba daga kansa ya ƙirƙiro ta ba, fahimtar Hanafiyya ce kuma ita ake karantarwa a inda yayi karatu, don haka a girmama shi. Amma ni ban ga ƙarfinta ba. Sun dogara ne da aya ta 157 a Suratul A'araf cewa an haramta abubuwan ƙazanta, suka ce duk abin da ba kifi ba a ruwa ƙazanta ne, rai yana ƙyamarsa. To ran wa? Bahaushen da ya tashi a Katsina in ka ajiye masa kaguwa tashi zai yi, mutumin Bonny na bakin teku kuwa in ka miƙa masa soyayyar fara shi ma haka zai kalle ka, kuma fara halal ce da nassi. Wannan mas'alar ta ƙyama ma Annabi (SAW) ya yanke ta da kansa, an kawo gasasshen damo gabansa ya janye hannu, Khalid bin Walid ya tambaya ko haramun ne, yace a'a, babu shi ne a ƙasar mutanena shi yasa nake jin ƙyamarsa, Khalid ya jawo ya ci Annabi yana kallonsa, Bukhari da Muslim duk sun kawo. Sai hujjarsu ta biyu, hadisin Ibn Umar cewa an halatta mana mushe biyu, kifi da fara. Ambaton kifi a nan bai kore waninsa ba, domin aya ta 96 a Ma'ida cewa tayi an halatta muku farautar teku da abincinsa, bata ware komai ba, hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa shima a sake ya zo game da teku, ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa halal ne. Wanda zai ƙuntata lafazin da ya zo a buɗe shi ake nema ya kawo dalili. Su kansu malaman Hanafiyya sun rabu a kan jatan lande, wasu suka ce kifi ne a ci. Yayan mijinki in yana so ya bari don kansa babu laifi, amma ba zai ɗora miki ba. Ke kuma kada ki ɗauki wannan amsa ki je kina nuna masa a waya gaban mutane, ki bari maigida ya zauna dashi su biyu.

Dodon koɗi ki ware shi gefe. Ƙananan nan na ruwa da mutanen Kalaba ke zubawa a miya hukuncinsu na ruwa ne. Babban na tudu kuwa Imam Malik ya haɗa shi da fara, sai an kashe shi da niyya da bismillah, ta dafawa ko gasawa, wanda aka tarar ya mutu da kansa a buhu ba a ci. Wasu malaman ma sun hana shi gaba ɗaya.

Amma ni inda hankalina ya tsaya a tambayarki shine rafin da mutane suka daina shiga. Me ya hana su? Kawa tace ruwa take yi tana ci, duk abin da ke cikin ruwan nan, ɗanyen mai ne, gubar ƙarfe ce, bahayan mutane ne, a jikinta yake taruwa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya nuna yadda mai ya lalata rafuka da dazukan bakin ruwa a can. Dafuwa tana kashe ƙwayoyin cuta, bata cire gubar ƙarfe. In don gurɓata aka bar rafin, to sayar da kayan haramun ne a kanki saboda cutarwa, in kika ɓoye wa kwastoma kuma kin ƙara da algus. In kuma hukuma ko dattawan gari ne suka rufe wajen don halittun su hayayyafa, mai ɗebowa a ɓoye ya ci amanar jama'a, ke da kika sani kika saya kin taya shi. Irin wannan rufewa aikin hankali ne wanda shari'a take goyon baya, a Gambiya, ƙasar Musulmi, matan ƙungiyar TRY masu ɗibar kawa a Tanbi kusa da Banjul su da kansu suke rufe ɗiba mafi yawan watannin shekara, suka kuma daina sare saiwar itacen da kawar ke maƙalewa.

Cibiyar da kika ji wataƙila NIOMR ce, wadda aka kafa a 1975, hedkwatarta na Victoria Island a Legas kuma tana da tasha a Buguma jihar Ribas. Ki nemi wanda zai haɗa ki da masu kiwon da aka san ruwansu ko da kuɗin ya fi, ki tambayi dilan nan sunan rafin da dalilin barinsa, in ya fara kame-kame ki rabu dashi.

Kuma don Allah kada ki zuba kuɗin adashi gaba ɗaya, kayan nan sun fi kifi saurin lalacewa, ga nisan hanya daga Fatakwal ga halin wutar Kubwa da kika fi ni sani, kwana ɗaya firiza ta saki jarin ya tafi, kuma abin da ya narke ya fara wari ba ya halatta ki sake daskarar dashi ki sayar. Ki fara da kaɗan. Ki riƙa gaya wa masu saye su dafa sosai, cin kawa ɗanya da ake yayi a manyan otal yana da haɗari musamman ga mai ciki da mai ciwon hanta, wasu kuma jikinsu ba ya karɓar jatan lande sam, har numfashi yana sarƙe musu. Ki yi istihara, ki kuma samu amincewar mijinki kafin ki tura ko sisi.

Wallahu a'alam.