Tambaya da Amsa: In biya kuɗin bitar SPSS, ko akwai abin da ya kamata in fara koya?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ma'aikaciyar famasi ce a wani asibitin gwamnati a cikin birnin Kano. Na daɗe ina lura cewa takardun maganin da ake miƙo mana ta taga, da wuya a ga wadda babu antibayotik a ciki, ko da mura ce ta kawo mutum. Na tayar da maganar a taron ma'aikata, sai wani babba ya ce in kawo alƙaluma. Yanzu ga shi ana tallar wata bita ta kwana uku a kan SPSS, kuɗinta kuma ba kaɗan ba ne. In biya in shiga? Gaskiya tun a makaranta lissafi bai karɓe ni ba.

Daga wata mai karatu a Gyaɗi-Gyaɗi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki riƙe kuɗinki tukuna. SPSS manhaja ce ta lissafi, abin da aka zuba mata shi take juyawa ta miƙo. In an zuba mata shirme, shirmen za ta fitar, sai dai ta jera shi cikin tebur mai kyan gani. Aikin bincike na ƙididdiga mafi yawansa ana gama shi ne kafin a kunna kwamfuta, kuma wannan ɓangaren ne masu bitar kwana uku suka fi tsallakewa.

Babban da ya ce ki kawo alƙaluma, ko da wace niyya ya faɗa, ya faɗi gaskiya. Abin da ya ɓata miki rai shi ne yake zama a ƙwaƙwalwa. Takardar mai mura da aka rubuta wa magani biyar ba za ki manta da ita ba, amma ta mai hawan jini da ta wuce lami lafiya kin manta kafin a tashi aiki. Ƙila abin ya kai yadda kike gani, ƙila ma ya fi. Ƙirge ne zai raba gardama.

Abu na farko da za ki koya shi ne matse tambaya har ta zama abin da ke ƙirguwa. "Ana yawan rubuta antibayotik" ƙorafi ne. Tambayar bincike kuwa ga kamanninta: a cikin marasa lafiyar da aka duba aka sallama ba tare da an kwantar da su ba, daga Janairu zuwa Disambar bara, kashi nawa cikin ɗari aka rubuta wa antibayotik aƙalla guda ɗaya? Ki lura ta faɗi su wane ne, ta faɗi lokaci, ta kuma faɗi abin da za a raba da abin da za a raba shi da shi. Lambar ƙasa, wato jimillar waɗanda aka duba, ita ce mutane suke wasa da ita. Wanda ya ce "mun ba da antibayotik ɗari biyar a wata" bai gaya miki komai ba sai ya faɗi cikin mutum nawa.

Kin yi sa'a, domin ba sai kin ƙirƙiro ma'auni ba. Tun 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunai na duba yadda ake rubuta magani a asibitoci: matsakaicin yawan magungunan da ake rubuta wa mutum ɗaya a zuwa ɗaya, kason da aka rubuta da sunan asali maimakon sunan kamfani, kason waɗanda aka rubuta wa antibayotik, kason waɗanda aka rubuta wa allura, da kason magungunan da ke cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa. Amfanin bin su shi ne, abin da kika samu a Kano za a iya ɗora shi kusa da na Zariya ko na Ibadan a kwatanta.

Kafin ki taɓa takarda ko ɗaya, ki zauna ki rubuta ƙa'idojinki a littafi. Filajil, za ki ƙirga shi cikin antibayotik ko a'a? Man shafawa da maganin ɗigawa a ido fa? Magungunan tarin fuka yawanci ana ware su daban. Ƙwaya ɗaya mai haɗin magani biyu, irin ta zazzaɓin cizon sauro, magani ɗaya ake ƙirga ta. In ba ki yanke waɗannan tun farko ba, za ki tsinci kanki kina ƙirga filajil ranar Litinin, ranar Laraba kina tsallake shi, kuma zuciya takan karkata ne wajen amsar da take so.

Sai zaɓen takardun, kuma a nan nake so ki fi natsuwa. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya tura hannu ciki. Takardun da ke saman kwali a ofishinku na makon jiya ne kawai. In kika ɗebi na Agusta da Satumba, kin ɗebi na damina, lokacin da zazzaɓi da gudawa suka cika asibiti. Na hunturu kuma tari da mura za su rinjaya. Hanya mai sauƙi ita ce ki baza zaɓen a kan shekara gaba ɗaya. A ce takardun shekara 6,000 ne, kina son 300. Ki raba, ki samu 20. Ki rubuta 1 zuwa 20 a gutsattsarin takarda, wani ya zaro ɗaya, a ce 7 ta fito. Ki ɗauki ta 7, ta 27, ta 47, haka har ƙarshe. Wadda rubutunta ya yi wuyar karantawa kada ki tsallake ta don ki huta, ki nemi abokin aiki ku karanta tare.

Akwai kuma wani rami da ke jiran duk ma'aikacin famasi. Wanda aka ce masa babu maganin, ko ya ji kuɗin ya fi ƙarfinsa, yakan nannaɗe takardarsa ya tafi kemis ɗin ƙofar asibiti. Wannan takardar ba ta cikin kwalinki. Saboda haka abin da ke hannunki na waɗanda suka saya a wajenku ne, ba na duk waɗanda likita ya gani ba. In kina son sanin abin da likitoci ke rubutawa, ɗakin ajiye kati za ki nufa, ki duba fayil. In kuma takardun famasi kaɗai za ki iya samu, to ki faɗi hakan ƙarara a rahotonki.

Nawa za ki ɗauka? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba aƙalla 600 idan ana nazarin asibitoci da yawa, misali asibiti 20 kowanne 30, sannan aƙalla 100 idan ana son a yi magana a kan asibiti guda. Za ki kuma riƙa cin karo da lambar 384 a ayyukan ɗalibai. Asalinta shi ne an ɗauka abin da ake nema yana wajen kashi 50 cikin ɗari, ana son kuskure kada ya wuce kashi 5 sama ko ƙasa, da tabbacin kashi 95. Shafin OpenEpi zai lissafa miki wannan kyauta. Abin da ya fi haddace lambar shi ne ki gane me take saya miki. A ce kin duba 100, kin samu 30 da antibayotik. Gaskiyar lamarin tana iya faɗawa ko'ina tsakanin kashi 21 da 39. In 600 kika duba kika samu kashi 30 ɗin, tazarar ta matse zuwa kimanin 26 da 34. Wannan ita ce tazarar tabbaci, kuma duk kason da za ki faɗa a gaban mutane ki faɗe shi tare da ita.

Shigar da bayanai, Excel ya ishe ki. Layi ɗaya mutum ɗaya. Shekaru a gidansu, jinsi a gidansa, yawan magani a nasa, antibayotik kuma 1 in akwai, 0 in babu. In ba a rubuta shekarun mutum ba ki bar gurbin fayau, kada ki sa 0, in ba haka ba kwamfuta za ta ɗauke shi jariri. Kada ki sa suna, lamba za ki ba kowa. Bayan kin gama, wani ya ɗauki kashi ɗaya cikin goma ya sake duba su da takardun asali.

Lissafin da kike tsoro bai wuce rabawa ba a wannan matakin. Wuri ɗaya zan ja kunnenki: matsakaici yana ruɗi. A ce takardu tara kowacce naira 2,000, ta goma kuma 50,000. In kika tara kika raba goma za ki samu 6,800, alhali babu wanda ya biya kusa da haka. Ki jera su daga ƙarami zuwa babba ki ɗauki na tsakiya, 2,000, shi ya fi faɗin gaskiya a kan kuɗi da tsawon jira.

Sai kin zo kwatanta rukuni biyu, kamar yara da manya, sannan gwaje-gwaje irin su kai-sikwaya za su shigo, da ƙimar p da kowa ke bi a guje. Ƙimar p ƙasa da 0.05 tana nufin da a ce babu wani bambanci a zahiri, da wuya a ga bambanci mai girman wanda kika gani ta hanyar dace kawai. Ba ta ce bambancin babba ne ba, ba ta kuma faɗi dalilinsa ba. Misalin da ya fi kusa da ke: kin auna a Agusta, kin shirya wa likitoci faɗakarwa, kin sake aunawa a Fabrairu kin ga sauƙi. Faɗakarwar ce ko damina ce ta wuce? Sai kin kwatanta Agusta da Agusta, ko kin samu wani sashe da ba a yi wa faɗakarwar ba kin auna su tare.

In gaba kika so ki yi wa marasa lafiya tambayoyi da baki, wannan wani karatu ne. Ki tambayi dattijo mai hawan jini, "Baba, kana shan maganinka kullum?" zai ce miki "Ƙwarai kuwa, alhamdu lillahi," don kada ya ba ki kunya kina sanye da farar riga. Ki ce masa, "Baba, mutane da yawa sukan manta. A kwana bakwan nan da suka wuce, kwana nawa ba ka samu ka sha ba?" sai ki ji wata amsar. Takardar tambayoyin da aka rubuta da Turanci, wani ya mayar da ita Hausa, wani daban ya komar da ita Turanci a ga ko ma'ana ta kauce, sannan a gwada ta a kan mutane kaɗan kafin a fita da ita. KoboToolbox yana ba ki damar cike ta a waya ko babu intanet.

Maganar izini ba na sassauta ta, ko da tsofaffin takardu kawai za ki duba. Mu a Kano mun san abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da shari'ar da aka daɗe ana yi kafin sulhu da gwamnatin jiha a 2009, da yadda zargi ya daɗe a zukatan iyaye. Ma'aikatar Lafiya ta jiha tana da kwamitin duba ɗa'ar bincike, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ma yana da nasa. Ki rubuta tsarinki a shafi biyu ko uku, shugaban asibitinku ya sa hannu, ki miƙa. Mujallun bincike da yawa ma ba sa karɓar aikin da ba shi da takardar izinin kwamitin.

Game da inda za ki koya, Jami'ar Bayero tana da tsangayar harhaɗa magunguna, da sashen kula da lafiyar al'umma, da cibiyar ACEPHAP mai nazarin lafiyar jama'a. Ki nemi malami ɗaya ko ɗalibin digiri na biyu ya duba miki tsarin kafin ki fara. Ita kuma bitar, ki nemi jadawalinta. In ranar farko sa manhaja a kwamfuta ce, ta biyu danna nan danna can, ta uku rabon satifiket, ki bari. In akwai tsara tambaya, zaɓen samfuri da fassara sakamako, kuma sun yarda ki zo da bayananki, to ta cancanci kuɗinta, amma bayan kin tara takardunki 300 a Excel. SPSS na asali sai da lasisi, jamovi kuwa kyauta ne kuma yana yin duk gwajin da za ki buƙata a yanzu.

Ranar da za ki koma taron ma'aikata, ki kai sakamakon asibiti gaba ɗaya ko na sashe-sashe, kada ki jera sunayen likitoci, domin da zarar mutum ya ji an nuna shi da yatsa kare kansa zai shiga yi. Ki faɗi nawa kika duba, yadda kika zaɓe su, kason da kika samu da tazararsa, da waɗanda suka kuɓuce miki. In sun nemi ƙari, tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku a tsarin AWaRe: na farawa da su, na taka-tsantsan, da na ajiya don lokacin da sauran suka gaza. Ki ƙara gurbi ɗaya a Excel ɗinki tun yanzu ki riƙa rubuta sunan kowane antibayotik, don kada sai kin sake komawa ɗakin kati.