Me ya sa gem ba ya barin mutum ya koyi kowace sana'a?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon cajin waya a wani ƙauye kusa da Ringim. Da dare idan sabis ya yi kyau, ni da abokaina huɗu mukan buga gem na intanet, irin wanda mutum ke rainon jarumi ɗaya tun yana ƙarami har ya gawurta. Abin da ke ba ni haushi shi ne makin da ake ba mu ba ya isa mu buɗe duk rassan bishiyar gwaninta (zanen fasahohin da jarumi ke buɗewa ɗaya bayan ɗaya da maki), wani gem ɗin ma sana'a biyu kawai yake yarda ka riƙe. Mun fara zana namu gem ɗin a littafi, kuma muna so mu bar kowa ya koyi komai. Akwai kuskure a haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ji daɗin jin cewa kun ɗauki biro da littafi, domin a nan ake fara wannan aiki. Amma akwai kuskure, kuma babba ne.

Ka je kasuwar Gujungu ranar Lahadi ka bi fata ɗaya da ido. Mahauci ya feɗe akuya, ya sayar da fatar ga majemi. Majemi ya jiƙa ta, ya kankare gashin, ya jeme ta da bagaruwa. Daga nan baduku ya karɓa, ya yanka, ya ɗinka takalmi ko kube. Mutum uku sun ci abinci a jikin fata guda, kuma dole su san juna, su yi ciniki, wani lokaci har bashi ya shiga tsakaninsu. Da a ce kowane magidanci ya iya fiɗa da jima da dukanci, wa zai tako zuwa Gujungu? Masu tsara gem wannan kasuwar suke son ginawa, shi ya sa suke ɗaure maka hannu da gangan.

World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a 2004, shi ya fi shahara da dokar sana'a biyu. Idan ka ɗauki haƙar ma'adini da ƙira, to ba kai ba haɗa magani, sai dai ka saya wurin mai tsinkar ganye da haɗawa. Akwai fiɗa da dukanci a ciki, kamar dai a garinku. Kafin shi, Ultima Online na 1997 ya bi wata hanya: a wancan lokaci jimillar gwanintarka ba ta wuce maki 700, kowace fasaha kuma tana tsayawa a 100, wato abu bakwai kawai za ka ƙware a kai har ƙarshe. Idan kana son na takwas, sai wani ya ragu.

Akwai waɗanda suka bar ƙofa a buɗe, amma ka dubi kuɗin shiga. A RuneScape, wanda ya fito a 2001, babu mai hana ka koyon komai. Sai dai kaiwa mataki na 99 a fasaha ɗaya yana cin makin gogewa 13,034,431, kuma ranar da ka taka mataki na 92 rabin hanya kawai ka yi. Matakai bakwai na ƙarshe sun kai nauyin duk abin da ka sha a baya. A nan lokaci ne katanga. Mai shago irinka, wanda ke wasa bayan isha'i, dole ya zaɓi inda zai zuba darensa.

Wanda na fi so ku duba da kyau shi ne Albion Online, tunda ya sauko waya a 2021 kuma za ku iya gani da idonku. Kayan da ka sa su ke nuna ko kai wane ne: ka ɗauki baka ka zama maharbi, ka ajiye ka ɗauki sandar warkarwa ka zama mai magani. Kusan duk makamai da sulke 'yan wasa ne ke ƙera su. Abin da ya raya sana'a a can shi ne asara, domin idan aka kashe ka a yankuna masu haɗari, kayan jikinka sun tafi. Wannan batu matasa masu zana gem suna yawan manta shi. Maƙerin ƙauyenku yana samun aiki duk gabanin damina ne saboda fartanya tana cinyewa, garma tana dakushewa. Takobin da ba ya lalacewa, sau ɗaya za a saye shi, daga nan maƙeri ya rufe maƙera.

Sai batun bishiyar kanta. Diablo II na shekarar 2000 shi ya sa ta yi suna, kuma a wancan lokaci makin da ka zuba ya zubu ke nan, ba gyara. Mutum zai yi makonni yana rainon jarumi, sai ya gane reshen da ya bi ba ya kai shi ko'ina, ya koma farko. Sai a 2010 aka ƙara damar sake rabon maki. World of Warcraft ya zo da sassauci: a farkonsa maki 51 ne a mataki na 60, kana iya warware su, amma farashin yana hawa daga zinaren gem 1 zuwa 5, zuwa 10, har ya tsaya a 50. Ni wannan tsarin na fi yarda da shi. Sabon shiga ba ya mutuwa a kan kuskuren rashin sani, kuma ba wanda zai riƙa sauya sana'a kamar riga.

Amma bishiya tana da wata cuta da ya kamata ku sani. Idan yawancin ganyenta, wato abubuwan da kake buɗewa da maki, ƙarin kaɗan ne a kan ƙarfin sara, to masu lissafi za su zauna su fitar da hanya ɗaya mafi kyau, su baza ta a intanet, kowa ya kwafa. Rassa suna nan a ido, amma zaɓi ya mutu. Wannan na cikin abin da ya sa Blizzard ya sare bishiyoyin World of Warcraft a 2012, ya koma ba ka abu uku ka ɗauki ɗaya duk bayan mataki 15, sannan ya dawo da su a 2022 da sabon fasali. Yawan ganye ba shi ne daɗi ba. Path of Exile yana da sama da 1,300 a bishiya ɗaya, kuma yana da masoyansa, amma ka yi tunanin wannan dajin a fuskar ƙaramar waya, ga data tana tafiya.

To ga abin da zan ce ku yi a littafinku. Ku biyar ne, don haka kada ku zana sana'a tara, kasuwar za ta yi muku yawa babu mai ci. Ku ɗauki huɗu waɗanda kowace ke buƙatar wata: manomi yana bukatar fartanya, maƙeri yana bukatar gawayi da zugazugin fata, baduku yana bukatar fata da wuƙa, maharbi yana bukatar kibiya da kwari, shi kuma ya kawo fatar. Kowa ya riƙe ɗaya a matsayin gado, ya taɓa ta biyu sama-sama. Kowace sana'a ta rabu reshe biyu, kuma makin ya isa ƙarshen ɗaya kawai: maƙerin baƙi mai kayan noma da makami, ko maƙerin fari mai zobe da awarwaro. Kowane ganye da za ku rubuta, ku tambayi kanku ko yana ba ɗan wasa wani abin yi da da can ba ya iyawa. Idan lamba kawai yake ƙarawa, ku goge shi.

Kafin ku nemi kwamfuta, ku gwada shi a kan benci a bakin shagon, da 'ya'yan dabino a madadin kuɗi da guntayen kwali a madadin kaya. Ku buga dare uku a jere, wani daga cikinku yana rubuta duk cinikin da aka yi. Idan har aka kwana ba wanda ya nemi baduku, to ku rage ƙarkon takalmi, ku sake bugawa, sannan ka rubuto mini abin da ya faru.