An yanke wa yayana hukuncin kisa kan rikicin gona, ɗaukaka ƙara zai cece shi?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Yayana ne suka shekara huɗu suna rigima da maƙwabcin gonarmu a kan iyaka. Dagaci ya zo ya duba, ya ce daga itacen aduwa zuwa layin gamba namu ne. Ranar shukar fari yaya ya tarar da mutumin yana tone gambar, cacar baki ta kaure, mutumin ya kai masa sara da adda a hannu, shi kuma ya maka masa fartanya a ka. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Mako uku ke nan da Babbar Kotun Jiha ta ce a rataye shi. Muna da takardar dagaci. Idan muka kai ta kotun sama za a sake shi? Ko mu nemi dangin mamacin mu biya diyya?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya kawo muku mafita. Kafin komai ki riƙe lissafin kwana. Doka ta ba da kwana 90 daga ranar hukunci a shigar da takardar ɗaukaka ƙara, kun riga kun ci 21. A ofishin magatakardan kotun da ta yanke hukuncin ake shigar da ita, kuma ya fi aminci yayan naki ya sa hannu ko ya dangwala da kansa a gidan gyaran hali. Ba sai kun nemi izinin kowa ba: sashe na 241 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda aka yanke wa hukuncin kisa wannan haƙƙi kai tsaye. Kuma muddin ƙarar na gaban kotu ba a taɓa shi. Kotun Ƙoli ta tsawatar a kan haka tun 1986, a shari'ar Nasiru Bello da gwamnatin Oyo ta kashe alhali ƙararsa ba ta ƙare ba.

Takardar dagaci kuwa, ki yi haƙuri, ba za ta yi aikin da kike zato ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ba za ta tambayi gonar waye ba. Alƙalai uku ne za su zauna, ba za su kira shaidu ba, ba za su je ganin aduwa ba. Kundin shari'ar kawai za su karanta, wato abin da alƙalin farko ya rubuta daga bakin shaidu, su duba ko ya yi kuskure. Sabuwar hujja da wuya a karɓe ta, balle wadda take hannunku tun ana shari'ar. Ko da gonar taku ce ɗari bisa ɗari, doka ba ta yarda a kashe mutum don ya shigo gona ko ya tone iyaka ba. Abin da ya fi haka ciwo, tsohuwar rigimar takan zama makamin mai gabatar da ƙara. Shaida ɗaya ya ce ya taɓa jin yayanki a kasuwa yana cewa sai ya ga bayan mutumin, shi ke nan an samo niyya.

Shari'ar tana cikin 'yan mintunan nan tsakanin sara da bugu. Dokar Final Kod (Penal Code, dokar hukunta laifuka ta jihohin Arewa), a sashe na 221, tana buƙatar a tabbatar da abu uku ba tare da kokwanto ba: mutum ya mutu, aikin wanda ake tuhuma ne ya kashe shi, kuma ya yi da niyyar kisa ko da sanin cewa mutuwa ce mafi kusantar sakamako. (Wasu jihohi, irin su Kaduna, sun sabunta dokarsu, lambobin sassan sun canza, ma'anar tana nan.) Biyun farko ba na jin akwai gardama a kansu. Na ukun ne fagen fama, tare da kariyar da doka ta tanada.

Kare kai, in ya tabbata, sallama ce gaba ɗaya. Amma ƙofarsa ƙunci gare ta. Dubi shari'ar Sunday Jackson ta jihar Adamawa, manomin da aka kai wa hari da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace ta ya soki maharin. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa, mafi rinjayen alƙalan suna ganin da ya ƙwace wuƙar hatsarin ya kau. A ganina hukuncin ya yi tsauri, domin mai jini a jiki ba ya awo da sikeli, amma haka layin yake a yanzu. Don haka tambayoyin da zan yi wa kundin su ne: lokacin da fartanyar ta sauka, addar na hannun mamacin ko ta faɗi? Bugu ɗaya ne ko an ƙara? Fartanyar da ma tana hannunsa yana shuka, ko gida ya koma ya ɗauko? Akwai takardar asibiti ko ɗan sandan da ya faɗa wa kotu ya ga saran a hannunsa?

In kare kai bai tsaya ba, akwai sashe na 222: tsokana mai tsanani ta ba-zata, wuce iyaka wajen kare kai ba da mugun nufi ba, da faɗan da ya ɓarke nan take ba shiri. Ɗaya daga cikinsu ya isa a sauke laifin zuwa kisan da ba na rataya ba, wanda hukuncinsa ɗauri ne, na rai-da-rai ko ƙasa da haka. Yadda kika ba da labarin, nan na fi sa rai. Kuma wajibi ne alƙali ya auna duk kariyar da ta bayyana a cikin shaida ko lauya bai ambace ta ba. In ya tsallake, wannan babban dalilin ɗaukaka ƙara ne.

Lauyanku ya kuma duba bayanin da aka rubuta a ofishin 'yan sanda. Sau da yawa manomi da Hausa ya yi magana, aka rubuta da Turanci, aka ce dangwala nan. "Na kare kaina na buge shi" ta koma "na buge shi". Wa ya yi tafinta? Ya zo kotu ya ba da shaida? In an ce dukansa aka yi ya amsa, an yi ƙorafin a lokacin da aka miƙa takardar? In lauyan farko ya yi shiru a nan, gyaran yana da wuya.

Maganar diyya: tunda Babbar Kotu ce ta yi hukunci da Final Kod, ba kotun shari'ar Musulunci ba, yafewar dangi ba ta soke shi, domin ƙarar ta gwamnati ce. Duk da haka ku nemi sulhun, ta hannun liman da dattawa, a rubuta. Zai yi amfani ranar da za a roƙi gwamna afuwa a ƙarƙashin sashe na 212 na kundin tsarin mulki, kuma ku da su za ku ci gaba da noma gefe da gefe.

In Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi, saura Kotun Ƙoli a Abuja, wa'adinta kwana 30 ne kacal, kuma ba ta cika taɓa abin da kotuna biyu suka haɗu a kai ba. Saboda haka ƙarfinku ku zuba shi a wannan matakin. Gobe ki je ki nemi kwafin hukuncin mai hatimin kotu. In kuɗin lauya ya gagara, ofishin Legal Aid Council na babban birnin jiharku yana karɓar irin wannan shari'a kyauta. Kada ku sayar da gonar don wani ya ce ya san alƙali.